Ganyen da Baffa Ba Ya Sayarwa

Ranar da muka fara zaman makokin Baffa, wan mahaifina da ya riƙe ni tun ina ƙarama, babu matar da ta shigo tsakar gidan nan ta fita ba ta ambaci alayyahu ba. Za ta durƙusa gaban Inna, matarsa, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam," sai ta gyara mayafi ta soma. Wannan ta ce da ganyensa ta yi jegon fari. Waccan ta ce lokacin da mijinta ya kwanta ciwo, ba a taɓa fashin aiko musu da ɗauri daga lambu ba. Wata tsohuwa da ta zo daga Sara, tana dogara sanda, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ni da 'ya'yana mata da jikokina duk mun ci. Wallahi bawan Allahn nan ko ganyen kaɗai ya ishe shi guzuri."

Mata suka amsa da amin. Ni kuwa ina rakuɓe a bakin rumbu, zuciyata tana tafasa, na cije leɓe har ya fashe. Suka ɗauka kuka ne ya ci ƙarfina. Wata ma ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na san kwana ne ya ƙare. Ni da nake koyar da yara a Islamiyya, ba sai an tuna mini ba. Amma na san wani abu da ba su sani ba: ganyen nan da suke yabo yana cikin abin da ya cinye ƙodar Baffa, kuma a ranar ma yana nan kore shar a lambu, ana shirin ci gaba da rabonsa.

Can zaure wajen maza kuma, mijina ya ce wata maganar ake yi ƙasa-ƙasa. Wai mutum yana cikin ƙarfinsa ƙasusuwa su riƙa yi masa ciwo, ƙafa ta kumbura, ai da hannu a ciki, jifa ne. Har suna nuna wani maƙwabcinsa na fadama da ido, wanda suka taɓa sa-in-sa a kan iyaka. Bawan Allah yana zaune yana jan carbi, bai san an riga an yanke masa hukunci ba. Haba jama'a! Mutum ya mutu, ba za a tambayi mai jinyarsa abin da likita ya ce ba, sai a nemi wanda za a ɗora wa?

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na son a manta da Baffa, ba na kuma son a tuna shi da rabin labari.

Ni dai na buɗi ido na gan ni a gidansa, a ƙauyenmu da ke kusa da Sara ta ƙasar Gwaram, domin mahaifina ya rasu ban yi wayo ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Ko faɗa zai yi mini, sai ya ce, "Uwata, ba don ke kika haife ni ba, da yau kin sha bulala." Ban taɓa shan bulalar ba. 'Ya'yan cikinsa kam sun sha.

Dogo ne, siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa. Ba ya iya zama a majalisa. Idan aka idar da sallah, kafin liman ya juyo ya shafa addu'a, shi ya riga ya laluɓi takalminsa. Yakan ce hirar bakin masallaci ba ta taɓa ba wa tumatir ruwa ba. Lambunsa yana fadama, ya yanka shi fangali-fangali, wato 'yan gadajen nan da ake sakar wa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Da jigo ya fara ban ruwa, daga baya ya sayi inji, kuma har ya mutu yana zagin injin, wai ba shi da ladabi.

A cikin fangulan nan akwai wani babba kusa da rijiya, wanda ake kira fangalin gida. Nan ne zuciyar Baffa take. Sauran lambun na kasuwa ne, ana sa masa takin dabbobi da ɗan na zamani idan an samu. Amma fangalin gida, tokar bola ake zuba masa, mai kauri, duk shekara. Manoman wajenmu sun san takin bola tun kaka da kakanni: a ƙone sharar gari, a kwaso tokar, a tankaɗe, a zuba. Baffa da hannunsa yake tsince kwalba da ƙusa, ya murza tokar a tafinsa, ya shinshina, ya ce, "Wannan ta nuna." Abin da ya fito daga fangalin nan kuwa, tabarkalla. Alayyahu ganyensa kamar tafin hannu, latas, yakuwa, rama, kore har yana baƙi-baƙi.

Kuma ba ya sayar da ko reshe ɗaya daga ciki. Na gida ne, da na masu jego, da marasa lafiya, da malaman da ke karantar da yaranmu. Da an ji guɗar haihuwa a unguwa, kafin a gama wankan jariri ɗaurin Baffa ya iso. Ina haihuwar 'yata ta fari a Birnin Kudu, inda nake aure, sai ga shi a kan mashin ɗin haya, ya rungumo buhu, rawaninsa ya warware. Ko zama bai yi ba. Ya ce wa uwar mijina, "A yi mata miya da yawa, ta zubar da jini, wannan ne zai mayar." Ya juya ya tafi, wai ya bar ruwa a buɗe.

Ina tuna ranar da wani dillalin kayan gwari ya zo daga Kano. Ya zaga lambun nan kaf, ya tsaya a kan fangalin gida ya ce shi wannan yake so, a faɗi kuɗinsa. Baffa ya ce ba na sayarwa ba ne. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, akwai abin da ba na sayarwa ba?" Baffa ya ajiye fartanya a hankali ya ce, "Akwai. Uwarka, da wannan." Dillali ya murtuke, mutane suka shiga tsakani. Da yamma Baffa ya sa aka bi shi har tasha da ɗauri biyu kyauta, ya ce a gaya masa ya kai wa uwar tasa, kuma ya yi haƙuri. Haka yake.

Shi kansa ba ya cin tuwo sai da miyar ganyen nan, rani da damina, don Inna tana busar da shi ta adana. Yana ban ruwa yana tsinkar latas yana taunawa ɗanye. Ciyawar da aka cire daga fangalin, awakin gida ake zuba wa. In aka yi yanka kuwa, suna ne ko layya, hanta da ƙoda na babban gida ne, a faranti ake kai masa. Girmamawa ce. Duk abin da muka ga ya fi kyau, shi muka tura gabansa.

Abin da babu wanda ya tsaya ya duba shi ne bolar kanta. Lokacin da nake yarinya, Baffa yana aza ni a kan jaki tsakanin mangala mu je bayan kasuwa, bola ba komai ba ce sai tokar murhu, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa. Daga baya jaki ya tafi, a-kori-kura ta zo, ana yo lodi daga manyan bololin Birnin Kudu, don wai tokar birni ta fi ƙarfi. To me ke cikin bolar birni a yanzu? Leda. Gwangwanin fenti. Matattun batura. Fitilun nan masu caji da ke lalacewa bayan wata biyu. Ɓaraguzan wayoyi da rediyo daga rumfunan masu gyara. Duk a haɗa a cinna wuta, hayaƙi ya tashi mai wari kamar ana ƙona taya, abin da ya rage a kira shi taki. Baffa yana tsince kwanson batir ya jefar a gefen fangali, yana ganin ya raba tokar da datti. Abin da ya narke ya shige cikinta, ido ba ya gani.

Ciwon ya fara ne da baya. Muka ce girma ne. Ya sauko ƙugu da ƙafafu, muka ce sanyin fadama ne. Aka yi ƙaho, aka sha saiwa, aka shafa man zafi. Mutumin da ke tsallake kwalbati ya koma sai ya dafa bango zai miƙe daga sujada. Da ƙafafunsa suka kumbura, fitsarinsa ya riƙa kumfa, na ce wallahi ba zan zuba ido ba. Na je na ɗauko shi kusan da ƙarfi, yana zagina a mota tun daga Sara har Birnin Kudu, yana cewa, "Uwata, wa zai ba wa albasa ruwa?"

A asibiti aka ce ƙoda ce, ta yi nisa. Likitan da ke duba shi matashi ne mai yawan tambaya. Wata rana ya kira ni gefe ya ce, "Malama, Baba yana shan taba?"

Na ce, "Ko goro bai dame shi ba."

"Ya taɓa aikin walda, ko fenti, ko haƙar ma'adinai?"

"Manomi ne tun tasowarsa."

"To me yake ci? Kuma da me yake takin abin da yake ci?"

Na ba shi labarin fangalin gida, har da ɗan alfaharina. Ina magana ina ganin fuskarsa tana canzawa. Ya ce yana so a aika jini da fitsarin Baffa Kano, don ba a yin irin wannan awon a kusa, kuma in kawo masa ƙasar fangalin da ganyen, yana da aboki malamin ilimin ƙasa da zai duba. Na kai. Aka daɗe ana jira.

Da sakamako ya dawo, ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce akwai wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam, yana cikin wasu batura da fenti da tarkacen kayan lantarki. Idan ya shiga ƙasa, tsiro yana zuƙarsa, ganye irin alayyahu da latas sun fi kowa. Wankewa ba ta fitar da shi, dafuwa ba ta kashe shi, domin a cikin ganyen yake. Ba ya kayar da mutum rana ɗaya. Kaɗan-kaɗan yake taruwa a ƙoda, ya zauna shekara da shekaru, ya raunana ta, ya raunana ƙashi. A dabba ma a hanta da ƙoda yake taruwa. An same shi da yawa a jikin Baffa, an same shi da yawa a ƙasar fangalin gida.

Ya ce, "Ba zan rantse miki cewa shi kaɗai ne ya kashe ƙodar ba. Akwai hawan jini, akwai shekaru. Amma yana ciki, kuma ba ƙaramin kaso ba."

Na ce, "Ana iya cire shi?"

Ya girgiza kai. Sannan ya ƙara da wata maganar. Ya ce macen da jininta ya yi ƙasa, kamar mai ciki ko mai jego, jikinta ya fi na kowa saurin zuƙar ƙarfen nan daga abinci. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Masu jego! Su ne fa Baffa ya ware wa fangalin.

Na tambaye shi mutum nawa ne a ƙasar nan ke yawo da wannan abu a jiki. Ya ce bai sani ba, kuma bai san wanda ya sani ba. Ya ce akwai wata ƙasa, Koriya, mutanenta shinkafa da ganye ne cimarsu. Su hukumarsu tana ɗibar jinin jama'a shekara bayan shekara, maza da mata, tsoho da matashi, tana kuma auna abincin da ake ci, don a ga ko ƙarfen nan ƙaruwa yake a jikin mutane ko raguwa, a san inda za a toshe.

Na ce, "Mu fa?"

Ya ce, "Mu sai mutum ya kwanta, in an yi sa'a wani ya yi tambaya."

Wallahi har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake. Su jini ne a jikinsu, mu ruwan rijiya ne? Ana kallo ana ƙona batura a tsakiyar gari, ana kallo motoci suna kwasar tokar zuwa fadama, ana kallo ganyen yana dawowa kasuwa. Masu zuwa ƙauye da manyan motoci su koya wa manomi tazarar shuka, ko sau ɗaya babu wanda ya ce, "Baba, bolar yanzu ba irin ta da ba ce." Kalma ɗaya fa! Baffa mai taurin kai ne, na yarda, amma ba mahaukaci ba ne. Da an gaya masa tun da wuri, da ya yi zage-zagensa ya gama, ya daina.

Ni ce na gaya masa, bayan lokaci ya ƙure. Yana kwance a tabarma a inuwar ɗakina a Birnin Kudu bayan azahar. Na durƙusa na faɗa masa yadda likita ya faɗa mini, ina zaɓar kalmomi. Ya saurara har na gama, ya yunƙura ya zauna.

Ya ce, "Uwata, maimaita."

Na maimaita.

"Wato ni, guba nake raba wa mutane?"

"Baffa, ba ka sani ba."

"Ubanki da ganyen nan ya girma. Ke da shi aka yaye ki. Yau kuma wani yaro da bai taɓa riƙe fartanya ba zai ce..."

"Ba ganyen ne ya canza ba, Baffa. Bolar ce."

Ya ce, "Kira mini mai mashin, gida za ni." Na ba shi haƙuri, mijina ya ba shi haƙuri, ya yi biris da mu. Haka ya tafi, ko sallama bai yi mini ba. Na bi shi ƙauye, ya juya fuska bango. Na yi fushi ni ma, don jininsa ne a jikina. Na ce a raina, to zauna da ganyenka.

Sai da jiki ya tsananta na koma. Ina shiga na tarar Inna tana yi masa fifita. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Uwata, 'yarki ta fari, da ganyen nan kika yi jegonta ko?"

Na ce, "E, Baffa."

"Da na biyun?"

"E."

Ya rufe ido, hawaye yana gangarowa ta gefe yana shiga kunnensa. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Baffa ba, ko ranar da aka binne ɗansa na uku. Bayan wannan bai daɗe ba ya rasu.

Bayan sadakar bakwai, babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya tara mu a ɗakin Inna. Ya ce ya yanke shawara: fangalin gida zai ci gaba yadda yake, za a riƙa rabo da sunan Baffa, sadaka mai gudana. Ya ce ga matar ƙanenmu ma cikinta ya tsufa, da ita za a fara.

Na ce, "Yaya, ba ka ji abin da likita ya ce ba?"

Ya ce, "Na ji. Ke da likitanki. Mutum nawa suka ci suna nan garau?"

"Ka auna su ne?"

"To so kike a yi yaya? A yi shela a ce ubanmu ya shekara yana kashe mutane? Kin ji yadda ake yabonsa. Ke kaɗai za ki zo ki zubar masa da mutunci yana kabari?"

Na ce, "Shi bai sani ba. Kai ka sani. Ranar gobe ba shi za a tambaya ba, kai za a tambaya."

Sai ya sassauta murya ya ce, "To shi ke nan. A daina ci a gida, a daina rabo, a riƙa haɗawa da na kasuwa a kai. Babu wanda zai ji."

Tabɗi! Na miƙe tsaye ban sani ba. Na ce, "Wa ke cin na kasuwa? Aljanu? Ba 'ya'yan mutane ba ne? Ganyen da Baffa ya kusa dukan mutum a kansa don kada a sayar, shi za ka kai kasuwa yau da ka san abin da ke ciki?" Ya ce ba ni da kunya, riƙo aka yi mini ba haihuwa ba, ba ni da ta cewa a gonar ubansa. Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na dubi Inna. Tana zaune cikin takabarta, kanta a sunkuye. Na ɗauki mayafina na fita ina kuka, rabi na baƙin ciki, rabi na takaici.

Ba na ganin baƙin Yaya gaba ɗaya. Ubansa yake karewa, yadda ya iya. Amma kare sunan mamaci da cikin rayayyu, wannan ban san a wane littafi aka karanta shi ba.

Ranar sadakar arba'in na iso da hantsi. Ina shiga tsakar gida na tsaya cak. An girke manyan tukwane, mata sun cika gidan, ga alayyahu nan tuli a kan tabarma, ana ta yanka. Kallo ɗaya na yi masa na san daga inda ya fito. Matar ƙanenmu, wadda ta haihu satin da ya wuce, tana zaune a bakin ƙofarta an ce ita za a fara zuba wa.

Na ce, "Wa ya yanko wannan?"

Yaya ya leƙo daga zaure ya ce, "Ni ne. Sadakar ubana ce."

Ban san abin da zan yi ba. In yi ihu a gaban jama'a, a ce 'yar riƙo ta tona wa gida asiri ranar sadaka. In yi shiru, gari guda ya ci. Na buɗe baki ke nan, sai na ji muryar Inna daga ɗaki ta ce, "Ku ajiye wuƙaƙen nan."

Ta fito tana dafa bango, don ita ma bayanta da ƙugunta sun daɗe suna damunta, tukunya ɗaya suka ci da shi tsawon aurensu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi Yaya ta ce, "Zo nan." Ya zo ya durƙusa.

Ta ce, "Ni na kwana da mutumin nan har ya cika. Tun ranar da yarinyar nan ta gaya masa, bai ƙara cewa a kai wa wance ba. An yi haihuwa biyu a unguwar nan yana kwance, gero ya ce a kai. Kai ba ka lura ba, ni na lura. In na isa da kai, ka kwashe ganyen nan ka haƙa rami ka binne. Ko akuya kada ta ci. Fangalin kuma a kewaye shi da ƙaya."

Yaya ya ce, "Inna, mutane..."

Ta ce, "Mutanen zan yi wa magana yanzu."

Ta juya ga matan nan. Ba ta iya sunan ƙarfen ba, ba ta ma gwada ba. Ta ce tokar da Malam yake zubawa akwai dafin batir a cikinta, ya shiga ganyen, ya taɓa masa ƙoda, ba jifa ba ne, ba hannun kowa ba ne. Sannan Inna, da tsufanta, ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, a gaban 'ya'yan cikinta da jikokinta, ta ce, "Ranar jana'iza an roƙa masa gafarar wanda ya ɓata wa. Ba a roƙa masa ta wanda ya kyautata wa ba. Duk wadda ta ci ganyen gidan nan, don Allah ta yafe masa. Abin da ya fi so ne ya ba ku. Bai sani ba."

Kuka ya ɓarke. Mata suna cewa, "Mun yafe, Inna, tashi, wallahi mun yafe." Ni kuwa ina tsaye ina kallo. Ga wadda ba ta ƙona batir ko ɗaya ba tana durƙuso tana neman gafara, waɗanda alhakin duba abincin jama'a ke wuyansu kuwa ko labarin ba su ji ba. Kuma a safiyar nan, a hanyata ta zuwa, na wuce a-kori-kura biyu cike da toka sun nufi fadama.

Aka kwashe ganyen. Yaya da kansa ya ɗauki buhun farko, bai dubi kowa ba. Aka yi miyar kuka.

Ana cikin haka wata yarinya matashiya, matar wani maƙwabci, da goyo a bayanta, ta matso kusa da Inna ta durƙusa. Ta ce, "Inna, ni na yafe duniya da lahira. Amma ni na ci sosai, haihuwata uku. Ga wannan ma nonona yake sha. Ina za mu je a duba mu?"

Inna ta juyo ta dube ni. Matan gidan gaba ɗaya suka juyo suka dube ni, ni da na kawo maganar. Na tuna yadda aka yi kafin a auna mutum ɗaya tak, da tafiyar Kano, da jiran da aka sha. Na dubi yawan matan da ke tsakar gidan nan.

Allah ya jiƙanka Baffa, ya karɓi niyyarka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Mun rufe fangalin, ka huta.

Yarinyar nan mai goyo kuwa na ce mata zan bincika. Duk ranar kasuwa sai ta aiko a tambaye ni ko na samo wurin. Jiya ma ta aiko.